Daga Ƙofar Ruwa zuwa Huntsville: tafiyar koyon ɗaure waya

Ranar wata Alhamis cikin watan Oktoban 2024 na bar Kano. Ruwa ya ɗauke, sabon gero ya shigo kasuwa, sanyin asuba ya fara leƙowa. A Abuja nake aiki, na zo gida ne don in yi wa Hajiya sallama. Da na durƙusa na ce mata zan tafi Amurka koyon ɗaure waya, sai ta dube ni ta ce, "Kai da ka girma a cikin wannan aikin, me kuma ya rage maka?" Na ce, "Hajiya, wannan wayar ta kumbo ce. In ta tafi sama, ba mai sake taɓa ta." Ta sa mini albarka, ta ba ni ƙullin yaji da kilishi. Yajin na tafi da shi, kilishin na bar wa ƙannena, domin Amurka ba ta yarda a shigar mata da nama.

Sana'ata waya. A Ƙofar Ruwa na fara, yaron wani mai rewaya, ina miƙa filaya da baƙin salatif. Daga nan na yi foli, yanzu kuma ina wani ƙaramin kamfani da ke haɗa damin wayoyi na injinan sola da jirage marasa matuƙi. Abin da ya jawo tafiyar wani aiki ne da muka shiga tare da wata jami'a, na ƙera ƙaramin tauraron ɗan'adam, irin wanda faɗinsa santimita 10 ne kacal. Abokan aikin na ƙasar waje tambaya ɗaya suka yi: wa zai haɗa wayoyin, kuma wace shaida gare shi? Shaidar da aka sani a wannan fanni ita ce ta ƙa'idar IPC/WHMA-A-620, wadda ta fara fitowa a 2002. Matakin farko ina da shi, ta intanet na yi. Amma akwai ƙari na musamman da aka yi wa kayan da za su tafi sararin samaniya, kuma shi ba a yin sa daga nesa. Dole ka zauna gaban malami mako guda, ka haɗa dami da hannunka, a sa madubi a duba.

Kuɗin biza dala 185, a lokacin da dala ta haura naira 1,600. Bayan ganawa sai aka riƙe fasfona na wasu makonni don ƙarin bincike, abin da aka saba yi wa duk wanda takardarsa ta ambaci roka ko tauraro. Kafin nan na je asibitin ido, don makarantar ta nemi shaidar cewa ina karanta ƙananan rubutu a kusa, kuma ina bambance launuka. Aka buɗe mini shafuka masu ɗigo-ɗigo, ina faɗin lambar da ke ɓoye a ciki. Wanda ja da kore suke rikice masa ba a ba shi wannan aikin.

Na kwana a Ikeja wajen wani abokina, washegari na hau jirgin da ke zuwa Atlanta kai tsaye, tafiyar sama da awa 12 a kan teku. Barci na yi ta yi.

A Atlanta jami'in shige da fice ya karanta takardar gayyata har ƙarshe, ya tambayi wa ya biya kuɗin, ina zan sauka, yaushe zan koma. Na amsa, ya miƙo mini fasfo. A wajen binciken kaya wata mata ta kwance ƙullin yajin, ta shinshina, ta tambaye ni ko akwai nama a ciki. Na ce ƙuli-ƙuli ne da barkono da citta. Ta mayar mini. Filin jirgin nan gari ne guda, har jirgin ƙasa ke zirga-zirga a ƙarƙashinsa yana kai mutane daga wannan sashe zuwa wancan. Daga nan zuwa Huntsville, a jihar Alabama, bai kai awa ɗaya ba, kuma da muka sauka agogon filin jirgin kusan lokacin da muka tashi yake nunawa, saboda Alabama tana bayan Atlanta da awa guda. Tsakaninta da Najeriya kuwa awa shida a wannan watan.

Abu na farko da ya tsayar da idona a hanyar shiga gari ba roka ba ne, auduga ce. Gonaki fari fat a gefen titi, ta fashe tana jiran tsinka, babu mutum ko ɗaya a ciki sai wata babbar mota da ke tsinkewa tana naɗe ta ƙunshi-ƙunshi cikin leda mai ruwan ɗorawa. Na tuna Funtua da Gusau, da masaƙun Kano da Kaduna da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, zuciyata ta yi nauyi. Direban ya ce kafin roka, auduga ce abincin garin nan, kuma kakanninsa bayi ne suka noma ta. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba. Can gaba kaɗan, a kan babbar hanyar da ake kira I-565, sai ga Saturn V, rokar da ta kai mutane duniyar wata, a tsaye, fari da baƙi, ya fi duk wani gini da ke kusa da shi tsawo. Mita 111. Wannan na tsayen kwaikwayo ne, na ainihin yana kwance a cikin wani zaure, amma ko kwaikwayon ya isa ya sa mutum ya yi shiru.

Masaukina dala ɗari da 'yan kai ne kowane dare, kamfani ya biya. Abin da ya ci aljihuna shi ne zirga-zirga. Garin nan ba a yi shi don mai ƙafa ba. Babu ɗan sahu, babu acaɓa, tituna da yawa ko gefen masu tafiya a ƙasa babu. Na fita neman burodi da yamma, na yi tafiya mai nisa a kan ciyawa, motoci na wucewa, ban haɗu da ɗan'adam ko ɗaya a ƙafa ba. A kanti kuma farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai an ɗora harajin kashi 9 cikin ɗari a wajen biya, a gidan abinci kuma ka ƙara wa mai kawo maka abinci nasa. Mutanen dai suna da fara'a da ladabin baki. Yaro ba ya amsa wa babba sai ya haɗa da irin nasu "yallaɓai" ko "ranki ya daɗe", kuma wanda bai san ka ba zai gaishe ka a bakin ƙofa. Wannan ya sa ban ji baƙunta sosai ba.

Ranar Litinin aka fara. Ba mu kai goma ba a ajin: wani tsohon soja da ya yi gyaran jirage masu saukar ungulu, mata biyu daga wata masana'anta a garin, wani saurayi daga Texas, da wani dattijo baƙar fata daga Decatur, garin da ke kusa, inda ake ƙera rokoki a loda su a jirgin ruwa ta kogin Tennessee zuwa wurin harbawa. Ni kaɗai ne ba ɗan ƙasa ba, don haka katin wuyana launinsa daban, kuma akwai ƙofar da aka nuna mini aka ce kada in wuce ta sai da ɗan rakiya. Dokar ƙasarsu ce kan fasahar da ba a nuna wa baƙo. Abin ya ɗan sosa mini rai, amma an faɗa mini cikin mutunci, kuma a aji ba abin da aka koya wa wani aka ɓoye mini.

Malamarmu mace ce da ta haura sittin, gashinta fari, tabarau rataye a wuya. Tun tana budurwa take haɗa waya. Kafin a taɓa komai sai da kowa ya ɗaura wani madauri a wuyan hannu mai igiya zuwa ƙasa, don ɗan wutar da jikin mutum ke tarawa, wadda ba ka ma jin ta, tana iya ƙona ƙananan na'urori. Akwai akwatin gwaji a bakin ƙofa. Na danna, ya nuna ja. Ta kama hannuna ta duba, ta ce fatata ce ta bushe. Na zaro man shafawata, ta girgiza kai, ta ce mai irin wannan ba ya shiga ɗakin nan, don maiƙonsa yana bin waya yana hana liƙi kamawa. Ta ba ni nasu na musamman, na shafa, ya nuna kore.

Da hantsi ta dakatar da karatu ta kunna talabijin. Ranar 14 ga Oktoba ce, ana harba kumbon Europa Clipper daga Florida. Muka kalli wuta ta tashi, rokar ta shige cikin gajimare. Kumbon nan sai a shekarar 2030 zai isa duniyar Jufita, bayan tafiyar kilomita kusan biliyan uku. Malamar ta kashe talabijin ta ce, a cikin abin nan akwai wayoyin da wani mutum mai hannu biyu irin naku ya matse, ya ɗaure, ya sa hannu a takarda, kuma daga yau har abada babu wanda zai je ya ƙara musu ƙarfi. Sannan ta ce a ɗauki waya.

Feɗe waya muka fara koya, abin da nake yi tun ina yaro. Wayar da aka ba mu siririya ce, mai lamba 22, silin jan ƙarfe 19 ne a cikinta, kowanne an yi masa rufin azurfa. A Ƙofar Ruwa da reza muke feɗewa, wani lokaci da haƙori, in sili biyu sun tsinke a murɗe sauran a wuce. A nan ko sili ɗaya ba a yarda ya tsinke ba, ba a ma yarda a ƙwarzane shi har jan ƙarfen ya leƙo ba. Akwai abin feɗewa mai zafi da ke narkar da rigar wayar a zagaye ba tare da ya taɓa ƙarfen ba, ka zare rigar a hankali, ka kai ƙarƙashin madubi mai ƙara girma sau huɗu zuwa goma. A nan ne ido yake buɗewa. Wayar da ka rantse lafiyarta ƙalau sai ka ga wani sili ya kauce daga murɗin 'yan'uwansa, ko ɗan gashin riga ya maƙale a tsakani.

Dalilin wannan tsanani ta nuna mana shi a hoto. Inda azurfa ta tsage, in danshi ya samu hanya, jan ƙarfen da ke ƙasa yakan fara ci, ya zama wani jan gari, har wayar ta rube a cikin rigarta ba wanda ya gani. Jar annoba suke ce masa. Shi ya sa ake ajiye waya cikin leda a rufe da maganin danshi, a toshe bakinta, kuma ba a wanke ta da abin da ke da ruwa. Nan take na tuna sitonmu a watan Agusta, yadda bango ke gumi, wayoyi na rataye a ƙusa.

Haka ta bi kayan aikin da na saba da su ɗaya bayan ɗaya tana fitar da su daga ɗakin. Baƙin salatif da wayar roba ta kasuwa ba sa zuwa sama, domin inda babu iska roba tana fitar da tururi, tururin ya je ya kwanta a kan gilashin kyamara ko farantin sola. Duk abin da za a sa sai an gasa samfurinsa awa 24 a zafin digiri 125 a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. In ya rasa fiye da kashi 1 cikin ɗari na nauyinsa, an ƙi shi. Tsantsar kuza ma an hana, don da kanta take tsiro da wasu siraran gashi na ƙarfe da suka fi gashin mutum siranta, su miƙa su taɓa maƙwabciyar waya. Irin wannan gashin ne aka ɗora wa alhakin mutuwar tauraron Galaxy IV a watan Mayun 1998, ranar da yawancin ƙananan na'urorin saƙon da likitocin Amurka ke ratayawa a ƙugu suka yi shiru. Magani shi ne a gauraya kuzar da dalma, aƙalla kashi 3 cikin ɗari.

Da rana dattijon Decatur ya ce in shiga motarsa mu je cin abinci, kuma daga ranar shi yake ɗauko ni da safe, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Baba nake ce masa, na gaya masa ma'anarta, ya ji daɗi. Ya kai ni wani ƙaramin gidan abinci, aka kawo tarwaɗa soyayya, da wake mai baƙin ido sak irin namu, da kuɓewa. Kuɓewar ce ta ba ni mamaki: an yanka ta, an mulmule da garin masara, an soya ta ƙarau, babu yauƙi ko kaɗan. Baba ya ce waken da kuɓewar duk daga wajenku suka zo, a jiragen da suka kawo mu. Na barbaɗa yajin Hajiya a kan kifin, na miƙa masa, ya ci yana share hawaye yana ƙarawa. Sai dai Musulmi ya yi hattara a Alabama, domin ganye da wake sau da yawa da naman alade ake dafa su, ko ba ka gan shi a kwano ba. Kullum sai na tambaya, kuma ba wanda ya taɓa ɓata fuska. Da safe akwai wani fate na tsakin masara da suke ci da man shanu, shi ya riƙe ni. Sallar azahar kuwa malamar ce da kanta ta buɗe mini wani ofis da ba kowa, ta ce in riƙa shiga.

Ranar da ta fi zauna mini ita ce ta matsi. A kumbo yawancin wayoyi ba a liƙa su da dalma a bakin soket, ana cusa su ne cikin wani ɗan tsinke mai rufin zinare, a matse da filaya ta musamman mai haƙora huɗu da ke cizo lokaci guda. Filayar tana da makulli a ciki: in ka fara matsawa ba za ta buɗe ba sai ka kai ƙarshe, don kada gajiyar hannu ta sa a yi rabin aiki. A jikin tsinken akwai wata 'yar huda, dole ka hango silin waya ta cikinta, tazarar da ke tsakanin rigar waya da bakin tsinke kuma kada ta kai milimita ɗaya. Kafin ka fara, sai ka gwada filayar da geji mai kai biyu, kore ya shige, ja ya ƙi shiga. Sannan ka matse guda uku na gwaji, a kai su injin ja, a ja har su tsinke. Waya mai lamba 22 dole ta jure nauyin kusan kilo shida. A rubuta lambar filayar, da lambar naɗin wayar, da sunanka, da lokaci. In an tashi aiki a sake matse uku a sake ja.

Da yamma aka ja samfuran tashi aiki, sai na filaya ɗaya, wadda matan nan biyu suka yi aiki da ita, ya zare tun bai kai ba. Aka sa geji, jan kai ya shige. Wani abu ya saki a cikinta tsakanin safe da yamma. Matsin da suka yi kuwa a ido ba shi da aibu ko kaɗan, na duba da madubi da kaina. Malamar ba ta ɗaga murya ba, ba ta nemi mai laifi ba. Ta buɗe takarda, ta bi lambar filayar, ta ware duk tsinken da aka matse da ita tun safe, ta miƙa musu almakashi. Suka yanke aikin yini guda, suka zuba a leda, aka liƙa wa filayar jar takarda aka kulle ta a akwati.

A daren nan na daɗe ban yi barci ba. Na san masu hannu a Kano da in aka ba su wannan filayar, cikin wata guda za su fi kowa a ajin nan iyawa. Maigidana na Ƙofar Ruwa yana gane inda waya ta tsinke a cikin mota da shafawa kawai. Hannu ba shi muka rasa ba. Abin da ba mu da shi takardar nan ce, da kuma wurin aikin da yaro zai ce "Oga, a yanke wannan" ba tare da tsoron a cire masa a albashi ko a kira shi maɓarnaci ba. Mu aikinmu ya ginu a kan cewa in ta lalace mai ita zai dawo a gyara, har ma a ƙara samun na cefane. Nan kuwa babu dawowa. Najeriya ta ɗanɗana wannan: an harba tauraronta na sadarwa NigComSat-1 a watan Mayun 2007, wutar farantan solarsa ta samu matsala, ya mutu a Nuwamban 2008, ba yadda za a yi a hau a duba, sai da aka harba wani a madadinsa a Disamban 2011. Kuma ba a ce 'yan ƙasar nan ba su iya ba, tunda injiniyoyinmu ne suka haɗa tauraron NigeriaSat-X da hannunsu a Ingila, aka harba shi a Agustan 2011, ya yi aiki.

Washegari ta ba mu labarin kumbon Columbia a watan Yulin 1999. Daƙiƙa biyar da tashi, wata waya da ta daɗe tana gogar kan wata ƙusa mai kaifi ta haɗa wuta, injina biyu cikin uku kowanne ya rasa ɗaya daga kwamfutocinsa biyu. Da ba a yi su bibbiyu ba, da labarin ya sha bamban. Mutum biyar ne a ciki, Eileen Collins ke jagora, mace ta farko da ta riƙe wannan matsayi. Aka dakatar da duk kumbuna irin Columbia har Disamba ana bin wayoyi taƙi-taƙi. Daga wannan labarin ta wuce da mu kan allo.

Allon katako ne, an shimfiɗa zanen damin a kai daidai girmansa, an kafa ƙusoshi a inda zai lanƙwasa da inda zai yi reshe. Ka bi zane ka shimfiɗa wayoyi ɗaya-ɗaya, kada wata ta hau wata ba dalili, kada lanƙwasa ta yi tsanani, a bar 'yar sarara a bakin soket don kada jijjigar roka ta ja tsinke. Sannan ɗauri. Da wani zare mai faɗi ake yi, zagaye biyu masu harɗe juna, a ɗora ƙulli a kai, a yanke. In damin bai wuce milimita 13 a kauri ba, tazarar ɗauri da ɗauri kada ta wuce milimita 19. Ya kama, amma kada ya ci rigar waya. Nan hannuna ya sake, domin aikin ya yi kama da na dukawa masu ɗinkin fata, kuma na taso ina ganinsu. Malamar ta tsaya a kaina ta ɗan jima, ta sa farce ta tura wani ɗauri ta ga bai motsa ba, ta wuce. Ta ce motar Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012, in ka duba hotunan da take aikowa, irin wannan ƙullin ne a kan wayoyinta.

Ranar Juma'a da safe aka yi jarrabawar rubutu, aka karɓi damin kowa. An gwada kowace waya ta kai inda zane ya ce, an sa wutar bolt 500 tsakanin waya da waya a ga ko riga tana yoyo, sannan malamar ta zauna da madubi ta bi shi daga wannan kai zuwa wancan. Nawa ya wuce. Satifiket ɗin shekara biyu yake yi, in ta cika sai an sake zama. Na yi hamdala, Baba ya rungume ni, sannan ya kai ni masallacin da ke titin Sparkman ya jira ni a mota har aka idar. A sahu akwai Larabawa da 'yan Pakistan da baƙaƙen Amurka da Yarbawa. Ina neman takalmina sai na ji wani yana waya yana cewa "to, sai an jima, a gaida su Inna." Na dafa kafaɗarsa. Ɗan Maraɗi ne, yana karatun noma a jami'ar Alabama A&M. Daren nan a ɗakinsa na ci tuwon semo da miyar kuka, muka yi hira har tsakar dare.

Asabar na ba wa gidan tarihin roka, kuɗin shiga wajen dala talatin. Cibiyar Marshall ta NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, wadda aka buɗe a 1960, ban samu shiga cikinta ba, don haka a gidan tarihin na tsaya, kuma ya ishe ni. Saturn V na gaske yana rataye a kwance sama da kai, an raba shi gaɓa-gaɓa, bakin kowane inji cikin biyar na ƙasansa ya ci mota. Akwai kumbon Apollo 16 da ya je wata ya dawo, gindinsa a ƙone. Sunan Wernher von Braun, injiniyan da ya jagoranci ƙera Saturn V, yana ko'ina a garin, shi da tawagarsa ta Jamusawa da suka iso a 1950. Gwaninta tasa ba a musu, amma rokar V-2 da ya fara yin suna da ita fursunoni ne aka tilasta wa haɗawa a cikin ramuka a Jamus, dubbai suka mutu a wurin, kuma ina ganin duk wanda ya tsaya yana sha'awar wannan ƙarfe ya kamata ya san da su.

Inda na fi daɗewa wani zobe ne da yawancin mutane ke wucewa ba su kula ba. Faɗinsa mita shida da rabi da ɗoriya, tsayinsa bai kai mita ɗaya ba. Shi ne ƙwaƙwalwar rokar, kamfanin IBM ya haɗa shi a nan Huntsville. A cikinsa akwatuna ne jere a bango, tsakaninsu kuma damin wayoyi farare suna zagayawa, suna reshe, suna shiga soket. Na matsa iyakar inda aka yarda. Ɗauri bayan ɗauri, tazara ɗaya, kowane ƙulli yana fuskantar gefe ɗaya, aikin da aka yi tun kafin a haife ni. Wani tsoho cikin farar riga, ɗaya daga tsofaffin injiniyoyin da ke zuwa aikin sa kai suna yi wa baƙi bayani, ya ga na daɗe, ya zo ya tambaye ni abin da nake kallo. Na nuna masa, na gaya masa abin da ya kawo ni garin. Ya ce yawancin masu irin wannan aikin a zamaninsu mata ne, kuma ba a rubuta sunayensu a bango ba. Muka tsaya tare muna bin wani reshe da ido har inda ya shige bayan akwati.

Dawowa ba wani labari, sai jiran awoyi a Atlanta da zafin Legas da ya tare ni a bakin ƙofa. A jakata akwai naɗin zaren ɗauri biyu, da geji mai kai kore da ja, da filaya ɗaya da ta ci ɗaruruwan daloli daga kuɗin kamfani. Jami'in kwastan ya juya ta a hannu, ya tambayi aikinta, na matse masa tsinke ɗaya a kan teburinsa, ya duba hudar, ya ce in wuce.

Injin ja ne ba mu da shi har yanzu, kuma ba shi da arha. Mun samu wani ɗakin gwaji a jami'ar da muke aiki tare, can muke kai samfur safe da yamma a duk ranar matsi, tafiyar kusan awa guda in hanya ta yi kyau. Wayoyin azurfa sun sauka daga ƙusa sun koma cikin leda. Yara uku nake koya wa yanzu, biyu maza ɗaya mace, kuma na roƙi maigidan kamfanin, ya amince a rubuce, cewa duk wanda ya kawo aikinsa da kansa ya ce a yanke, ba za a taɓa albashinsa ba.